Tafintan da Ba a Rantsar Ba: Yadda Bayanan Waya Suka Girgiza Kotunan Danmak

A watan Agustan 2019, babban mai gabatar da ƙara na ƙasar Danmak, Jan Reckendorff, ya ba da wani umarni da ba kasafai ake jin irinsa daga bakin mai riƙe da wannan muƙami ba. Ya ce har tsawon wata biyu, kada lauyan gwamnati ya sake miƙa wa kotu bayanan turakun sadarwa, wato ƙarafan sabis na waya, don neman a ɗaure mutum ko a ci gaba da tsare shi. Kafin tsakiyar Satumba an buɗe wa mutum 32 ƙofar gidan yari, an ɗage shari'o'i kusan 40, kuma an ware fayil 10,700 da za a sake dubawa. Mafi daɗewa a cikinsu tun na 2012 ne.

Danmak ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan 6, tana da kuɗi, tana da kayan aiki, 'yan sandanta da alƙalanta sun yi karatu mai zurfi, kuma jama'a sun yarda da su. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a yi nazarinsa. Ba za a ce talauci ne ya jawo shi ba, ba kuma cin hanci ba. Wata manhaja ce ta riƙa yin kuskure, sannan hujjar ta riƙa bi ta hannun ɗan sanda, ta wuce wurin mai gabatar da ƙara, ta gifta gaban lauyan wanda ake tuhuma, ta isa teburin alƙali, shekara da shekaru, ba tare da tsarin ya tanadi wanda zai tare ta ya tambaye ta daga ina ta fito ba.

Hanyar da bayanin ke bi

Duk lokacin da waya ta yi kira, ko ta aika saƙo, ko ta hau intanet, kamfanin sadarwa yana rubuta wasu abubuwa: lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci, tsawon kiran, da kuma turken da wayar ta kama, wato abin da aka fi sani da ƙarfen sabis. A wancan lokaci, dokar Danmak da ta fara aiki a 2007 ta wajabta wa kamfanoni su adana irin waɗannan bayanai na shekara guda. Idan aka yi kisa ko fashi ko aka kama safarar ƙwaya, 'yan sanda sukan nemi izinin kotu, su karɓo bayanan layin wanda suke zargi, ko ma na duk wayoyin da suka kama wani turke a wani lokaci.

Matsalar farko ta aiki ce kawai. Kamfanonin da ke da turaku a ƙasar a lokacin, TDC da Telenor da Telia da 3, kowanne da irin tsarin da yake zuba bayanansa. Jami'in da ke binciken laifi ɗaya zai iya samun fayil huɗu masu kamanni huɗu. Saboda haka hedikwatar 'yan sandan ƙasa, wadda suke kira Rigspolitiet, ta kafa wata cibiya da ke karɓar ɗanyen bayani daga kamfanoni, ta zuba shi cikin manhaja, manhajar ta juya shi zuwa jadawali iri ɗaya mai sauƙin karantawa, sannan a tura wa rundunonin yankuna 12 na ƙasar. Daga wannan jadawali jami'i yake zana taswira. Taswirar ita ce ake haskawa a kotu, a gaban alƙali da mutanen gari da ke zama tare da shi wajen yanke hukunci a shari'o'in laifi da yawa a can.

Aikin wannan manhaja aikin tafinta ne. Kamfani ya yi magana da yarensa, ita kuma ta fassara wa kotu. To, kowace kotu ta san hatsarin tafinta. Ana tantance shi, ana ja masa kunne, idan ya yi gajeriyar fassara ga doguwar magana lauya zai miƙe ya ce bai yarda ba. Wannan tafinta kuwa ba a taɓa kiran sa gaban kotu ba, kuma da yawa daga cikin masu dogaro da maganarsa ba su ma lura akwai shi a tsakani ba. A zatonsu abin da ke gabansu shi ne abin da kamfani ya faɗa.

Abin da ya lalace

A watan Yunin 2019 aka sanar da jama'a kuskuren farko: manhajar tana zubar da wasu sahu na bayani, wato layukan jadawali, yayin juyawa. Jadawalin da ke isa wurin jami'i yana da kyau a ido, babu wata alamar giɓi, amma wasu kiraye-kiraye da saƙonni sun faɗi a hanya.

Mai karatu zai iya cewa ai ragi ne, ba ƙari ba, me ragi zai cutar? A ƙaddara an yi fashi ƙarfe 9 na dare. Ɗanyen fayil na wayar wanda ake zargi yana da sahu 400, jadawalin da ya isa kotu yana da 370. Jadawalin ya nuna wayar ta kama turken da ke kusa da wurin fashin da ƙarfe 8 da rabi, daga nan shiru har ƙarfe 10. Mai gabatar da ƙara zai ce: ga shi nan a unguwar, ya ajiye waya don yana kan aika-aika. Alhali cikin sahu 30 da suka zube akwai kira biyu, ɗaya ƙarfe 9 saura minti 5, ɗaya ƙarfe 9 da minti 10, dukansu ta wani turke mai nisan kilomita 20. Mutumin ya ce ba ya nan, takarda ta ce yana nan, kuma takardar ce ke ɗauke da hatimin hukuma. Haka kuma abin zai iya juyawa: sahun da ya zube ya zama shi ne wanda zai kai mai laifi na gaskiya wurin da aka yi ta'asa, sai a cire shi daga jerin waɗanda ake zargi, iyalan wanda aka kashe su zauna da baƙin ciki ba tare da sun san dalili ba.

Da aka fara tonawa sai rami ya yi ta zurfi. Kafin ƙarshen Agusta an gano wasu kurakurai na daban: an danganta wayoyi da turakun da ba su kama ba, an ga waya ɗaya tana kan turaku da yawa a lokaci guda, wani lokaci da tazarar ɗaruruwan kilomita a tsakaninsu, an rubuta inda saƙonni suka fito ba daidai ba, kuma wurin da aka sa wasu turaku a taswira ba nan suke a ƙasa ba. Wasu daga cikin waɗannan sun samo asali ne daga juyawar 'yan sanda, wasu kuma tun daga ɗanyen bayanin kamfanoni. A nan ne Reckendorff ya ce a dakata. Ya shaida wa kafafen yaɗa labarai cewa ba za a lamunci bayanin da ba daidai ba ya kai mutane kurkuku ba. Ministan shari'a Nick Hækkerup, wanda bai cika wata biyu a kujerar ba, ya ce lamarin ya taɓa amincewar da ake yi wa tsarin shari'a baki ɗaya.

Sakin mutum 32 ɗin ba wanke su aka yi ba. Hujjar da aka jingina tsarewarsu da ita ce ta daina tsayuwa da ƙafarta, doka kuma ba ta yarda a riƙe mutum a kan abin da ba a tabbatar ba. Wataƙila akwai masu laifi a cikinsu. Wannan ma yana cikin asarar.

Dalilin da ya sa aka daɗe ba a gani ba

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne batun horo ya shigo.

Kowace manhaja tana yin kuskure. Babu injiniyan da zai yi mamakin jin cewa wani shiri da ke juya manyan fayiloli ya riƙa zubar da sahu. Abin tambaya shi ne yadda za a kama shi, kuma a inda ɗanyen fayil yake nan, kama wannan kuskure ba ya buƙatar digiri a ilimin kwamfuta. Ƙirga ne. A buɗe fayil ɗin kamfani a ga sahu nawa ne, a buɗe jadawalin 'yan sanda a ga sahu nawa ne. In sun yi daidai a ci gaba, in ba su yi ba a tsaya. Aikin minti biyu. Da a ce wannan ƙirga ya zama al'ada, kamar yadda ba wanda zai karɓi jakar hujja da hatiminta a ɓalle, da tuni an kama abin a shekararsa ta farko.

Jami'in bincike bai ƙirga ba domin abin da aka fi koya masa shi ne yadda zai samo bayanin da yadda zai yi aiki da shi: wace takarda zai cike, wace kotu zai je, yaya zai zana taswira. Jadawalin kuma daga hedikwata ya zo, daga hannun ƙwararru. Ƙaramin jami'i a wani yanki ba zai ga hurumin tuhumar abin da cibiyar ƙasa ta aiko masa ba, sai in an zaunar da shi an ce masa wannan tuhumar tana cikin aikinsa.

Mai gabatar da ƙara ya karɓa daga hannun ɗan sanda. A Danmak kusancinsu ya fi na ƙasashe da yawa, domin a matakin yanki daraktan 'yan sanda shi ne kuma shugaban masu gabatar da ƙara. Dokar shari'arsu, a sashe na 96, ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyi biyu: ya tabbatar an hukunta mai laifi, ya kuma tabbatar ba a tuhumi marar laifi ba. Nauyi na biyu ba ya sauka da kyakkyawar niyya kaɗai. Lauyan da bai san akwai ɗanyen fayil da juyayyen fayil ba, ba zai taɓa tambayar ko sun dace ba, komai tsoron Allahnsa.

Lauyan wanda ake tuhuma shi ne wanda aikinsa ya fi kowa buƙatar shakka, amma galibi shi ne mafi ƙarancin samun horo a wannan fanni, kuma shi ne ake mantawa da shi idan ana tsara kwasa-kwasai. Yana ganin taswira mai ɗigo ja a kan titin da aka yi laifi, sai ya koma neman sassauci maimakon ya nemi a kawo asalin fayil. An ga ƙarshen irin wannan a jihar Oregon ta Amurka, inda wata mata ta amsa laifin kisa a 2004 bayan an shaida wa lauyanta cewa bayanan turke sun sa ta kusa da inda aka tsinci gawa. Sai a 2014 wani alƙalin tarayya ya soke hukuncin, yana mai cewa lauyan bai binciki wannan hujja yadda ya kamata ba. Ta fito bayan kusan shekara 12 a tsare.

Sai alƙali. Alƙalai sun ƙware wajen auna ɗan Adam. Shaida ya ce ya ga wanda ake tuhuma, nan take za a tambaye shi: da wane haske, daga wace tazara, ka san shi a da, akwai gaba tsakaninku? Wannan ƙwarewa an gaje ta ne daga ɗaruruwan shekaru na shari'a. Amma idan takarda ta fito daga na'ura, da lambobi a jere, da sakan-sakan na lokaci, sai tambayoyin su ƙafe. Tsabtar jadawali tana sa a ɗauka abin da ke cikinsa ma tsabtatacce ne.

Alhali ko da manhajar ba ta zubar da ko sahu ɗaya ba, bayanin turke ba ya faɗin abin da mutane ke zaton yana faɗa. Mai magana da yawun ƙungiyar kamfanonin sadarwa na ƙasar ya tunatar a lokacin cewa an ƙirƙiri waɗannan bayanai ne don gudanar da harkar sadarwa, ba don bin sawun jama'a ba. Gaskiya ya faɗa. Turke yakan ɗauki eriya uku, kowace tana fuskantar kusan kashi ɗaya bisa uku na da'ira. Abin da kamfani ya rubuta shi ne eriyar da ta ɗauki kiran. Eriyar tana iya rufe 'yan ɗaruruwan mita a tsakiyar birni, tana iya rufe kilomita da yawa a karkara. Waya kuma ba dole ta kama turke mafi kusa ba. Tana kama wanda siginarsa ta fi ƙarfi ko wanda tsarin ya tura ta gare shi, kuma dogon gini, tudu, cunkoson masu kira, duk suna canza wannan. A kan ruwa sigina tana tafiya da nisa sosai, abin da ke da muhimmanci a ƙasa mai tsibirai sama da 400. Kamfanoni suna juya fuskar eriya, suna cire turke, suna kafa na wucin gadi a wurin taro, don haka rajistar turaku ta yau ba lalle ta zama ta ranar da aka yi laifi ba. Ga kuma agogo: wani tsari yana rubuta lokacin duniya na bai-ɗaya, wani yana rubuta na gida, kuma agogon Danmak yana gaba da na duniya da awa ɗaya a hunturu, awa biyu a bazara. Kuskuren awa guda ya isa ya rushe uzurin mai gaskiya. Bayan duk wannan, inda waya take ba shi ne inda mai ita yake ba.

Saboda haka abin da ya dace a zana a taswira yanki ne mai faɗi, marar tsayayyar iyaka, tare da kalmar "mai yiwuwa". Da zarar an mai da shi ɗigo, an riga an faɗi abin da hujjar ba ta faɗa ba.

Ba Danmak kaɗai ta faɗa wannan rami ba. A Birtaniya an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya sama da 900 tsakanin 1999 da 2015 bisa giɓin kuɗi da manhajar Horizon ta nuna, a ƙarƙashin ƙa'idar shari'a da ke ɗaukar cewa kwamfuta tana aiki daidai sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka. Sai a Disambar 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai masu iya haifar da giɓin, a Afrilun 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukunci 39 a rana ɗaya. Cutar iri ɗaya ce: an bai wa na'ura amincin da ba a taɓa bai wa wani shaida mai rai ba.

Watannin shiru

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi kuskuren manhajar ɗaga mini hankali. Tun ƙarshen 2018 aka san da matsalar a cikin hedikwatar 'yan sanda. An gyara ta a watan Maris na 2019. Amma lauyoyi da kotuna da jama'a ba su ji ba sai a watan Yuni, bayan zaɓen ƙasa na ranar 5 ga watan. A tsakanin nan kotuna ba su rufe ba. An ci gaba da sauraron shari'o'i, kuma akwai mutanen da ke zaune a kurkuku bisa jadawalin da aka fitar kafin gyara.

Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a fahimci yadda haka ke faruwa. Ma'aikacin kwamfuta idan ya ga shiri yana zubar da sahu, abin da idonsa ke gani matsalar na'ura ce: a gano ta, a gyara, a rufe fayil. Kafin ya ga cewa a bayan kowane sahu akwai wani mutum da ke tsaye gaban alƙali, sai an koya masa wani abu na shari'a. Shi kuma lauya, kafin ya gane cewa "an samu 'yar tangarɗa a juyawa" tana nufin dubban hukunce-hukunce sun shiga cikin shakka, sai an koya masa wani abu na na'ura. Kowanne yana riƙe da rabin sani, kuma ba a gina gadar da za ta haɗa su ba. Horon da ya raba masu fasaha a ɗaki ɗaya, masu shari'a a wani ɗaki, yana ƙara faɗaɗa wannan rata ne.

Irin horon da lamarin ke nema

Ba za a ce duniya ba ta damu da horo kan hujjar na'ura ba. Majalisar Turai (Council of Europe) mai hedikwata a Strasbourg, wadda ta samar da Yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet a 2001, ta daɗe tana shirya kwasa-kwasai ga alƙalai da masu gabatar da ƙara a ƙasashe da dama. Interpol tana yi, hukumar horar da jami'an tsaro ta Tarayyar Turai, CEPOL, tana yi. Akwai ƙa'idar ISO/IEC 27037 ta 2012 kan gano hujjar na'ura da tattara ta da adana ta. Akwai kuma sanannun ƙa'idoji huɗu na tsohuwar ƙungiyar manyan jami'an 'yan sandan Birtaniya, ACPO, waɗanda ake koyarwa kusan ko'ina. Ta ukunsu tana cewa a rubuta duk abin da aka yi wa hujja dalla-dalla, yadda wani na daban mai zaman kansa zai bi sawu ya isa ga sakamako iri ɗaya.

Da an auna cibiyar juya bayanai ta Danmak da wannan ƙa'ida ta uku, da ta faɗi. Amma a aikace an fi tuna waɗannan ƙa'idoji ne idan an kama waya ko kwamfuta a hannun mutum. A nan kowa ya san darasin: kada a kunna, a sa a jakar da ke tare sigina, a kwafi abin da ke ciki, a fitar da tambarin lissafi da ake kira hash don a tabbatar kwafin bai bambanta da asali ba. Bayanin da ya zo daga kamfani ta hanyar hukuma kuwa, sai a ɗauke shi kamar wasiƙar ofis. A ganina wannan ne babban giɓin da ke cikin kwasa-kwasan horo da yawa, kuma yana ƙara girma, domin yawancin hujjar yau ba daga aljihun wanda ake zargi take fitowa ba. Daga kamfanin waya take zuwa, daga banki, daga Facebook ko Google, kuma kusan kullum sai ta ratsa wani shiri da ke tace ta ko juya ta kafin ido ya gan ta.

Da ni ke tsara zaman horo a kan wannan, ba zan fara da lacca ba. Zan bai wa kowane jami'i fayil biyu na shari'ar gwaji, ɗanye da juyayye, in ɓoye giɓi a cikin na biyun, in ce ya rubuta rahoto. Mafi yawa za su rubuta ba tare da sun buɗe ɗanyen ba. Sai bayan sun miƙa in nuna musu kiran da ya zube, wanda ke wanke mutumin da rahotonsu ya ɗaure. Gani ya kori ji. Wanda ya ɗanɗani wannan sau ɗaya a aji ba zai sake sa hannu a jadawali bai ƙirga ba.

Mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar iya gyara manhaja. Yana buƙatar iya zana silsilar hannayen da bayani ya bi, daga eriya har zuwa takardar da ke gabansa, ya kuma nuna a wace gaɓa aka taɓa shi, wa ya taɓa, da wane shiri. In bai iya zanawa ba, bai shirya shiga kotu ba. Dole kuma a koya masa harshen da zai yi amfani da shi. "Wayar ta kama eriyar da ke iya rufe wannan yanki" magana ce ta gaskiya. "Yana wurin" magana ce da hujjar ba ta ba shi ikon faɗa ba.

Horon alƙalai ya fi wuya, kuma yana da tarko. Idan 'yan sanda ne kaɗai ke koya wa alƙali yadda ake karanta bayanan turke, to zai fito da idon 'yan sanda. Ya kamata ya ji daga injiniyan da ke kafa turaku, wanda zai gaya masa sau nawa rajista ke saɓa wa abin da ke ƙasa, ya kuma ji daga ƙwararren da ya saba tsayawa ɓangaren waɗanda ake tuhuma. Abin da ake so ya fita da shi 'yan tambayoyi ne da za su zame masa jiki: ina asalin fayil, an bai wa ɗaya ɓangaren, wane shiri ya juya shi, wa ya gwada shirin, rajistar turakun ta wace rana ce, da wane agogo aka rubuta lokaci? Alƙali ɗaya da ke yin waɗannan tambayoyi a kai a kai zai gyara aikin rundunar yanki guda, domin jami'ai sukan shirya wa abin da suka san za a tambaye su.

Lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma kuma a sa su cikin lissafi. Na san akwai masu ganin kuɗin gwamnati bai kamata ya tafi wajen wasa wuƙar abokin hamayya ba. Amma lauyan da ya san ya nemi ɗanyen fayil tun 2013 zai iya tsame ƙasar daga bitar shari'a 10,700, kuma babu kwas ɗin da zai kai wannan bita tsada.

Abu na ƙarshe ba kwas ba ne, umarni ne a rubuce: duk ma'aikacin da ya gano kuskure a shirin da ke taɓa hujja, wa zai sanar, cikin kwana nawa, kuma wa ke da alhakin sanar da kotu da lauyoyi. A riƙa gwada wannan kamar yadda ake gwajin tserewa daga gobara. Sannan a maimaita horon, domin jami'ai suna canza wurin aiki, fasahar ma tana canzawa. Kira ta Wi-Fi da sababbin tsare-tsaren sadarwa suna barin sawu dabam da na tsohon kira, kuma wanda aka horar shekara biyar da suka wuce yana iya karanta sabon jadawali da tsohon ido.

Abin da Danmak ta yi

Hukumomi sun ɗauko kamfanin Deloitte ya binciki tsarin daga waje, rahotonsa ya fito a Oktoban 2019. An kafa kwamiti mai zaman kansa da zai sa ido a kan bitar tsofaffin shari'o'in, inda ake kwatanta bayanan da aka yi hukunci da su da na asali, kuma ƙasar tana da kotu ta musamman da ke duba buƙatar sake buɗe shari'ar da aka riga aka yanke. A watan Oktoban ne aka ɗage dakatarwar, bayanan turaku suka koma kotu, amma da sababbin sharuɗɗa na tantancewa da kuma takardar bayani da ke fayyace wa alƙali da lauyoyi inda irin wannan hujja ke da rauni. Daga baya majalisar dokoki ta kafa wata hukuma mai zaman kanta, wadda ta fara aiki a 2022, aikinta shi ne sa ido a kan yadda 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ke sarrafa hujjojin fasaha, ba na waya kaɗai ba.